Masu Gadin Iska a Kan Dutsen Washinton

Da misalin ƙarfe huɗu na asubahin Alhamis, 12 ga Afrilun 1934, wani matashi mai suna Wendell Stephenson ya duba takardar da na'urar auna iska ke zane a kanta. Ya ga mil 105 a awa. Bai yarda ba. Kunnensa yana gaya masa wani abu dabam, don ɗakin katakon da suke ciki sai makyarkyata yake, kuma ƙugin da ke waje ya wuce wanda ya ji da dare. Ya gane ƙanƙara ce ta daskare a jikin na'urar da ke kan rufi, ta rage mata juyawa.

Abokansa suna barci. Da ya rubuta 105 ya koma bakin murhu, babu wanda zai tuhume shi, tunda abin da na'ura ta nuna ke nan. Maimakon haka sai ya sa kayan sanyi, ya ɗauki kulki na katako, ya buɗe ƙofa. Iska ta kayar da shi. Ya miƙe, ya lallaɓa zuwa tsani, ya hau cikin duhu da hazo, ya dinga bugun ƙanƙara har na'urar ta kuɓuta. Kulkin ma suɓucewa ya yi daga hannunsa, iska ta tafi da shi. Da ya dawo ciki ya sake aunawa, sai ga kusan mil 150 a awa, wato kimanin kilomita 240.

Awa tara bayan haka, abokan aikinsa suka rubuta lambar da ta sa sunan wannan dutse ya zaga duniya. Galibin masu ba da labarin wannan rana a kan lambar suke tsayawa. Mu kuwa abin da ya ja hankalinmu shi ne hawan tsanin nan na asuba, da dubban irinsa da ba a taɓa ba da labarinsu ba. Mun saba mu latsa waya ta gaya mana za a yi ruwa gobe ko ba za a yi ba, ba mu cika tambayar wa ya tsaya a waje ya auna ba.

Dutsen da bai kai namu tsawo ba

Dutsen Washinton yana jihar New Hampshire, a arewa maso gabashin Amurka, ba shi da wata alaƙa da birnin Washinton sai ta suna. Tsawonsa mita 1,917 ne, ƙafa 6,288. Chappal Waddi da ke jihar Taraba ya fi shi da kusan mita 500. Mutanen Abenaki, waɗanda Turawa suka tarar a yankin, suna kiransa Agiocochook. Baturen da aka fara rubuta hawansa shi ne Darby Field, a 1642. An buɗe hanyar keken doki zuwa ƙololuwarsa a 1861, jirgin ƙasa mai haƙori kuma ya fara kaiwa can a 1869. Da rani, yau ma, iyalai kan hau da mota su sha shayi su sauko.

To me ya sa dutsen da ake hawa da mota ya yi ƙaurin suna? Dalili uku ne suka haɗu. Na farko, guguwowin da ke ratsa Amurka, masu tasowa daga manyan tafkuna na yamma da masu bin gaɓar tekun Atilantika, hanyarsu takan biyo ta wannan yanki. Na biyu, jerin duwatsun ya miƙe ne daga arewa zuwa kudu, alhali iska ta fi busowa daga yamma, sai ta ci karo da su kamar katanga. Na uku, babu dutsen da ya kai shi tsawo a duk arewa maso gabashin ƙasar, don haka iskar da ta haura shi takan matse tsakanin ƙololuwa da shimfiɗar iskar da ke sama. Duk wanda ya taɓa toshe rabin bakin tiyo da yatsa ya san abin da ke faruwa da ruwa idan hanya ta ƙuntata.

Bishiyoyi suna ƙarewa a wajen mita 1,350. Waɗanda ke dab da iyakar gajeru ne, a kwance, kamar an danne su da hannu. Daga nan sai duwatsu tsirara. Zafi mafi yawa da aka taɓa aunawa a ƙololuwa digiri 22 ne a ma'aunin Salsiyus, matsakaicin zafin shekara kuwa yana ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Fiye da rabin shekara tashar tana cikin gajimare. Daga 1849 zuwa yau, sama da mutum 150 sun rasa rayukansu a wannan dutse da maƙwabtansa, da yawansu sun baro gindin dutse rana na haske.

Bazarar da ba irin tamu ba

A nan sai mun yi hattara da kalma. Idan muka ce bazara, zafin Maris da Afrilu muke nufi, lokacin da ƙasa ke ƙuna, hadari na haɗuwa yana watsewa, manomi na sharar gona yana duban gabas. Su ma can a waɗannan watanni bazararsu take kamawa, amma tasu fita ce daga hunturu. Abin da ya haɗa biyun guda ne: lokaci ne da yanayi bai tsaya a kan magana ɗaya ba.

A ƙarshen Maris rana tana daɗewa a sama, tana kuma dukan ƙasa da ƙarfi. A ƙauyukan kwari dusar ƙanƙara ta fara narkewa, hanyoyi sun zama taɓo, manoma suna tatsar ruwan bishiyar mapul suna dafa shi ya zama zuma. Amma a arewa, cikin Kanada, sanyin hunturu bai tashi ba. Iska mai ɗumi da danshi tana turowa daga kudu, mai sanyi tana gangarowa daga arewa. Inda suka gamu nan guguwa ke samun abincinta, kuma gwargwadon bambancin da ke tsakaninsu gwargwadon ƙarfinta.

Ga kuma tsawo. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kimanin digiri shida da rabi. Ruwan saman da ke sauka a kwari, a ƙololuwa dusar ƙanƙara ce, ko tsakuwar ƙanƙara, ko ruwan da ke daskarewa da zarar ya taɓa wani abu. Rana guda takan ɗauki duka. Da safe sararin sama garau, ana hango tekun Atilantika ta gabas da duwatsun jihar Niyok ta yamma, nisan da ya kai kilomita 200. Wani lokaci gajimare kan kwanta ƙasa da tashar, ƙololuwa ta zama kamar tsibiri cikin auduga. Kafin azahar hazo ya rufe, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Da yamma a yi ruwa, cikin dare sanyi ya dawo, gari ya waye komai ya zama gilashi.

Babban abokin gabar ma'aikatan shi ne abin da za mu kira ƙanƙarar hazo. Hazon can ba ƙura ba ce irin ta hunturunmu, ɗigon ruwa ne ƙanana da ke yawo cikin iska. Sukan yi sanyi ƙasa da sifiri ba tare da sun daskare ba, sai sun bugi wani abu. Suna bugun ƙarfe ko katako ko gemun mutum, sai su ƙame nan take. A haka ƙanƙara ke tsiro kamar gashin tsuntsu, tana fuskantar inda iska ke fitowa, takan ƙaru da inci da dama cikin awa guda. Na'urar da ta lulluɓe ba ta daina ba da lamba. Lambar ce kawai ba gaskiya ba, kuma wannan ya fi shirun hatsari.

Waɗanda suka fara kwana

Kafin 1870 mutane da yawa sun ɗauka babu mai iya cin hunturu a kan dutsen ya sauko da rai. Masana biyu, Charles Hitchcock, masanin duwatsu na jihar, da Joshua Huntington, suka ce sai an gwada. A hunturun 1870 zuwa 1871 Huntington da 'yan mutane kaɗan suka tare a wani ɗaki cikin rumbun tashar jirgin ƙasa da ke ƙololuwa. Cikinsu har da masu ɗaukar hoto biyu da wani saje daga sashen sigina na rundunar sojan Amurka. Suna auna zafi da nauyin iska da gudunta, su aika ƙasa ta wayar tangaraho.

Amfanin abin a bayyane yake. A lokacin babu jirgin sama, babu tauraron ɗan Adam. Wanda ke son sanin abin da iska ke yi a sama, dole ya tura mutum sama. Guguwar da za ta kifar da jiragen ruwa a gaɓar teku takan fara nuna alamarta a kan dutse, tangaraho kuma ya fi guguwa sauri. Sojoji suka karɓi aikin daga 1871, suka riƙe tashar har 1892.

Zaman bai zo da sauƙi ba. Gawayin kwal da abinci tun kaka ake hawa da su, kafin hanya ta toshe. Waya takan tsinke, sai an bi ta cikin ƙanƙara an nemo inda ta yanke. Don auna iska, mutum ne ke fita riƙe da na'ura a hannu. A Janairun 1878 sun rubuta mil 186 a awa. A Fabrairun 1872 wani soja mai suna William Stevens ya rasu a tashar, abokin aikinsa ya zauna shi kaɗai da gawa har aka samu masu hawowa daga ƙasa. Bayan 1892 aka rufe tashar, shekara arba'in babu mai rubuta yanayin hunturu a ƙololuwar a kai a kai. Abin da iska ta yi a waɗannan shekaru ya tafi ke nan, babu mai dawo da shi.

Mutum huɗu da dala 400

A 1932 ƙasashe suka shirya shekarar nazarin yankunan ƙanƙara na duniya karo na biyu, kowa zai auna yanayi a inda yake a haɗa sakamako. Wasu mutum huɗu suka ga dama ta samu: Joe Dodge, mai kula da bukkokin masu hawan dutse a yankin, da Robert Monahan, da Alexander McKenzie mai ilimin rediyo, da Salvatore Pagliuca, injiniyan lantarki haifaffen Italiya. Lokacin tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, aiki ya yi wuya. Ƙungiyar masana kimiyya ta jihar ta ba su dala 400, Charles Brooks na tashar Blue Hill da ke kusa da Boston ya tsaya musu da shawara da kayan aiki. A watan Oktoban 1932 suka buɗe tashar.

Gidansu ƙaramin ofishin katako ne na kamfanin hanya, wanda aka ɗaure da sarƙoƙi ta kan rufi aka kafe su cikin dutse. Duk abin da ya ƙare cikin hunturu, a baya ake goyo shi a hau da ƙafa, tafiyar kilomita 12. Suna da murhun kwal, da rediyo, da maguna masu taya su hira da kashe ɓeraye. Suna da kundi, inda ake rubuta abin da aka auna da abin da aka gani. A ƙarshen Janairun 1934 sanyi ya kai digiri 44 ƙasa da sifiri. Saboda haka da Afrilu ya kama, suna da dalilin zaton mafi munin ya wuce.

Kwana uku na Afrilu

Ranar Talata, 10 ga wata, gari ya yi kyau. Mutum uku ne ke bakin aiki, Pagliuca da McKenzie da Stephenson, tare da baƙi biyu. Can yamma, wajen manyan tafkuna, akwai wata 'yar guguwa mara ƙarfi da ke matsowa. A gabas kuma, kan tekun Atilantika da gabashin Kanada, iska mai nauyi ta taru ta yi zaune.

Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Larabar nan ta 11 ga wata ruɗi ta zo da shi. Rana ta fito tas, ana hango teku. Kafin yamma gajimare ya sauko, ƙanƙarar hazo ta fara kama komai, iska ta juya tana busowa daga kudu maso gabas, ɓangaren da ba ta saba fitowa da ƙarfi ba. Da dare ta kai mil 136 a awa. Suka raba daren, Pagliuca ya ɗauki farko, Stephenson ya ɗauki asuba.

Abin da ke faruwa shi ne, guguwar yamma ta zo wucewa ta tarar da iskar nan mai nauyi ta tare hanya. Iska kuwa gudu take daga inda ta yi nauyi zuwa inda ta yi sauƙi, kamar ruwa a gangare. Da biyun suka matso juna, gangaren ya yi tsaye, Dutsen Washinton kuma yana tsakiya.

Na'urar da ke kan rufinsu an ƙera ta ne musamman saboda wannan dutse, da abin ɗumama a cikinta don ta narkar da ƙanƙara, amma a irin wannan dare ɗumin bai isa ba. An haɗa ta da waya zuwa cikin ɗaki, inda wani ƙarfe irin na tangaraho ke yin ƙas duk lokacin da ta cika adadin juyi. Mai aiki zai riƙe agogon ƙidayar sakan, ya auna tazarar da ke tsakanin ƙarar, sannan ya duba jadawalin gyara ya fitar da gudun iska. Ke nan aikin ya rataya a kan kunne da babban yatsa da gaskiyar mai riƙe da agogo.

Da rana ta yi tsaka ranar Alhamis, bugun iska yana wuce mil 200 a kai a kai. Da ƙarfe 1:21 na rana, Pagliuca ya auna ƙas uku cikin sakan 1.17. Da aka lissafa, mil 231 ne a awa, kilomita 372. Ba a taɓa auna irin wannan a doron ƙasa ba. Daga baya iska ta fara lafawa, dusar ƙanƙara ta sauko. Babu wanda ya ji rauni, sarƙoƙi kuma sun riƙe ɗaki.

Abin da Pagliuca ya bari a kundi ya nuna cewa tunanin da ya fara zo masa ba na murna ba ne. Damuwarsa ita ce ko za a yarda da su, ko ya latsa agogo daidai, ko hanyar lissafin tana da kyau. Tambaya ce mai tushe. Mutum biyar ne a cikin ɗaki a kan dutse, babu alƙali, babu ɗan kallo, ga lamba mai kama da tatsuniya.

An yarda da su, amma ba don sun rantse ba. An sauko da na'urar aka sake gwada ta, aka tabbatar tana aiki daidai, hukumar yanayi ta ƙasar ta karɓi lambar. Ga kuma kundi, wanda ya nuna yadda iska ta dinga hawa awa bayan awa tun daga Laraba, da lokacin da na'ura ta daskare, da lokacin da aka share ta. Da Stephenson ya bar 105 ɗin nan a takarda, da akwai rami a tsakiyar labarin, kuma duk mai shakka ta nan zai shiga. Shekara ɗaya da rabi da suka yi suna rubuta ranakun da babu abin mamaki a cikinsu, ita ce ta tsaya musu shaida a ranar mamaki.

Ranar da aka karɓe kambu

A 10 ga Afrilun 1996, guguwar teku mai suna Olivia ta ratsa tsibirin Barrow da ke yammacin Ostireliya. Wata na'ura mai aiki da kanta ta rubuta kilomita 408 a awa, mil 253. Babu mutum a gabanta. Lambar ta yi shekaru a ajiye kafin a bincika ta sosai, sai a 2010 Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta sanar cewa ita ce ta ɗaya. Abin da ya rage wa Dutsen Washinton shi ne iska mafi ƙarfi da mutum ya auna yana wurin, kuma mafi ƙarfi da aka auna a doron ƙasa ba cikin guguwar teku ba.

Wannan ya taso da tambayar da kowace tasha irin wannan ke fuskanta. Idan na'ura za ta yi aikin ita kaɗai, me ya sa za a ciyar da mutane a kan dutse? Amsar tana cikin yadda ake aiki a can har yau.

Tun 1980 tashar tana cikin ginin siminti da ake kira Sherman Adams. Ƙungiya ce mai zaman kanta ke gudanar da ita, da gudummawar mambobi da kuɗin bincike. Ma'aikata rukuni biyu ne, kowane rukuni mako guda a sama, mako guda a gida, ana canji ranar Laraba. Idan hanya ta toshe, da mota mai sarƙa irin ta katafila ake hawa, idan yanayi ya ƙi kuma sai a jira. A farkon bazara tafiyar takan zama kashi-kashi: ƙasan hanya kwalta ce da taɓo, tsakiya ƙanƙara mai santsi, sama tudun dusa. Masu aikin rana suna yin awa 12, mai aikin dare ya karɓa. 'Yan sa-kai kan hau su yi girki. Mage ma tana nan. Marty ya yi shekara 12 yana zaune a tashar har ya mutu a 2020, Nimbus ya gaje shi a 2021.

Kowace awa, dare da rana, wani zai fita. Zai dubi gajimare ya ƙiyasta tsawonsa, ya duba wane dutse ake hangowa don sanin nisan gani. Zai juya wani ɗan ma'auni mai ƙwai biyu a hannu, ɗaya busasshe ɗaya a naɗe da jiƙaƙƙen ƙyalle, bambancin da ke tsakaninsu ya ba shi yawan danshi. Duk awa shida a ɗauko gwangwanin tara ruwan sama a auna. Idan ƙanƙarar hazo na kamawa, sai a hau hasumiya da ƙarfe a hannu a buge ta, a dawo bayan awa guda a sake. Kulkin Stephenson ne dai, sai dai yanzu na ƙarfe ne. Abin da aka samu ana aika wa hukumar yanayi, ana kuma fitar da hasashe na musamman domin masu hawan manyan duwatsun.

A wannan lokaci na shekara hasashen ya fi amfani. Da Afrilu masu wasan zamiya kan cika kwarin Tuckerman da ke gefen dutsen, inda iska ke tara dusa tun hunturu. Mutum zai baro mota da riga mara nauyi, rana na dukan bayansa, bai san awa uku a gabansa hunturu na nan daram ba. Jumla guda daga wanda ke tsaye a sama tana iya sa shi ya juya.

Abin da kundi ke riƙewa

Akwai wani amfani da waɗanda suka fara aikin ba su hango ba. Saboda an daɗe ana aunawa a wuri ɗaya, da hanya iri ɗaya, kundin ya zama ma'aunin zamani. Cikinsa akwai hunturun 1968 zuwa 1969, lokacin da dusar da ta sauka ta haura mita 14. Akwai daren farkon Fabrairun 2023, da sanyi ya sake kai digiri 44 ƙasa da sifiri kamar na 1934, iska kuma ta sa jiki ya ji shi kamar 78. Wanda ya dubi wannan dare kaɗai zai ce babu abin da ya canja. Amma masanan da suka jera shekarun gaba ɗaya sun ga yanayin dutsen yana ɗumama, gindinsa ya fi ƙololuwarsa saurin yin haka. Rana guda ba ta nuna wannan, shekara goma ma ba ta isa ba. Sai an samu waɗanda suka fita kowace awa na tsawon shekara casa'in.

Mun san abin da kan faru idan aka gaji. A Sikotland an buɗe irin wannan tasha a kan Ben Nevis a 1883, ma'aikatanta suka yi shekara 21 suna aunawa kowace awa. A can ne C. T. R. Wilson ya yi 'yan makonni a 1894, abin da ya gani na haske cikin gajimare ya kai shi ga ƙera akwatin da ake ganin sawun ƙananan ƙwayoyin zarra a cikinsa, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1927. Duk da haka a 1904 aka rufe tashar saboda rashin kuɗi. A 2017 dubban 'yan sa-kai suka zauna a intanet suna kwafe tsofaffin lambobinta cikin kwamfuta, don masana na bukatarsu. Na shekara 21 aka samu. Na bayansu babu, domin babu wanda ya rubuta.

Ranar da muka ɗaga waya muka ga ɗan hoton gajimare da lamba a gefensa, yana da kyau mu tuna cewa hasashe daga awo yake farawa, awo kuma amana ce a hannun wani. Yawancin masu riƙe da ita ba za su taɓa ganin rana irin 12 ga Afrilun 1934 ba. Za su yi shekaru suna rubuta hazo, hazo, iska kaɗan, hazo. A farkon bazara, a kan Dutsen Washinton, dusa na narkewa da rana tana daskarewa da dare, kuma idan awa ta cika wani zai ajiye kofin shayinsa, ya ja hular sanyi, ya ɗauki ƙarfe ya nufi hasumiya.